Su A Tafkin Makwar: Kira Ga Masu Sayen Kajaik

Duk wanda ya taɓa ɗaure buhun kajaik a Sinnar ko Sinja ya kai shi Gadarif ko Galabat, ya san cewa kifi yana da lokacinsa kamar yadda dawa da riɗi suke da nasu. Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa a kai shi ne, wannan lokaci ya rikice, kuma gyaransa yana hannunku fiye da hannun masunta.

Tun da aka gama ginin Hazzan a Makwar cikin 1925, tsarin shekara a wannan ruwa ɗaya ne, kowane yaro a Mai Wurno ya san shi. Mafi yawan ruwan da Nilul Azraƙ yake kawowa daga duwatsun Habasha yana zuwa ne tsakanin watan Yuli da Oktoba. A waɗannan watanni ruwa yakan zo ja wur da laka, yana jan itatuwa, sai a buɗe ƙofofin Hazzan don lakar ta wuce, tafki ya koma kogi mai gudu. Ba mai hankalin da zai shimfiɗa kalli a tsakiyar wannan ruwa, domin kafin gari ya waye ya tafi da shi. Don haka masunta sukan jingine jirage su kama fartanya. To, a daidai wannan lokaci ne tarwaɗa da kurungu da kawara suke bin cikowa su shiga ƙoramu da ciyayin gefe su zuba ƙwai. Idan ruwa ya fara ja aka rufe ƙofofi, tafki ya cika ya kwanta, sai su ya kankama tun daga sanyi har bazara, lokacin da ake jan ruwan zuwa gonakin Jazira, kifi ya taru wuri guda.

Wato kogin da kansa yake rufe ƙofa, ya ba kifi hutu, ba tare da wata doka ko ɗan sanda ba. Iyayenmu da suka biyo Sarki Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo bayansu a hanyar Makka suka yada zango a nan, sun tarar da ruwa mai tsare kansa.

Yau labari ya canza. A 2013 aka gama ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10. Sannan ga Saddun Nahda na Habasha, wanda aka fara tara ruwa a bayansa a watan Yuli 2020, aka buɗe shi a hukumance ranar 9 ga Satumba 2025, yana ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74. Wannan madatsa tana riƙe cikowar damina ta riƙa sakinta sannu a hankali don juya injinan lantarki, tana kuma tare mafi yawan lakar. Manomin Jazira yana iya murna da samun ruwa a rani, mu ma muna taya shi. Amma ga kifi, abin da hakan ke nufi shi ne ana iya jefa kalli a watannin da a da ba a iya jefawa, kuma a ruwan da ya fi na da haske. Hasali ma ba a iya ƙidaya wa ruwan kwana kamar da: a ƙarshen Satumba 2025 ya taso da ƙarfi a lokacin da aka saba ganin ya fara komawa.

Kan wannan kuma sai ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023. Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, kafin sojoji su karɓe ta a Nuwamba, su karɓi Madani a Janairu 2025. Mutumin da aka kwashe masa tarakta da dabbobi da jarin shago, ina zai nufa in ba bakin ruwa ba? Hannaye sun yi yawa a tafki, kuma da yawansu ba su gaji sana'ar ba. Har gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi muna ganin ana ja da shi a gefen ruwa, ana kwaso 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Ba mu zargin mai jin yunwa. Amma wani ne yake sayen abin da ya kwaso.

A nan ne maganar ta zo kanku. Kowa ya san yadda harkar take tafiya. Ɗan kasuwa ne yake ba masunci kalli da ƙugiyoyin mamari da gishiri, wani lokaci har da kuɗin cefane, a kan shail, a biya shi da kifi. Idan ya kawo kalli mai ido yatsa huɗu, shi za a jefa. Idan ya kawo na roba mai yatsa biyu saboda ya fi araha kuma ya fi cika jirgi, shi ɗin za a jefa. Masunci yana da ruwa, amma idon kalli a shagon mai ba da bashi ake yanke shi. Haka nan, ranar da masu saye suka ce ba su ɗaukar karfasa mai ƙwai a baki, ranar za a daina fito da ita. Ga wanda bai sani ba, macen karfasa a bakinta take riƙe ƙwai da 'ya'yanta har su yi ƙarfi, saboda haka wanda ya shanya ta a wannan hali ɗaruruwa ya shanya.

Wannan tunani ba baƙo ba ne. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ba a taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwa wadda sai mutum biyu sun ɗauka. A tafkin Tana, mafarin wannan kogi namu, hukumomin yankin Amhara sun sa dokar rufe su na wasu watanni a damina, ko da yake kiyaye ta yana ba su wahala, kuma ku da kuke Galabat kun san busasshiyar tarwaɗar Tana da ke shigowa ta Matamma. Har a Amurka, inda ake su don nishaɗi, akwai wani kifin tafki da suke kira bas mai ƙaramin baki, wanda namijin yake gadin sheƙar ƙwai bayan sanyi ya wuce. A yawancin ruwayen jihar Niyok ba a yarda mutum ya tafi da shi gida ba sai tsakiyar watan Yuni, wanda ya kama kafin nan sai ya mayar. Mutanen da ba da kifin suke ci da iyali ba ke nan.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce in ban saya ba wani zai saya. Gaskiya ne a babbar kasuwa, amma a bakin ruwa masu ba da shail ba su da yawa, sun san juna, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Wani kuma zai ce ai ma'aikatan gonakin Gadarif a damina da kaka suka fi bukatar kajaik don miya, lokacin ne kuɗi yake. To, kajaik ba ɗanyen kifi ba ne, wanda aka shanya da kyau a bazara yana kaiwa. A tara shi da wuri, a ɗaga wa masunci biyan bashi zuwa bayan cikowa, ya samu ya yi noma.

Akwai kuma dalilin da ya sa muke ganin a kasuwa ya kamata a ɗaure wannan magana, ba a wajen neman wata sarauta ta ruwa ba. Ba mu manta da abin da ya faru a Rusairis da ƙauyukanta a watan Yuli 2022 da Wad al-Mahi a Oktoba ba, inda maganar sarauta da ƙasa ta ci rayuka masu yawa. Kowa a wannan yanki ya san Hausawa da su. Ranar da tafki ya ƙare, ba Saddun Nahda za a nuna da yatsa ba, mu za a ce mun cinye kogi. Idan kuwa muka tashi muka ce mun hana kowa shiga ruwa, za a ce muna neman mallake shi. Amma ɗan kasuwan da ya ce wannan kaya ba na saye, ba ya bukatar izinin kowa, kuma bai taka haƙƙin kowa ba.

Shawararmu ita ce shugabannin masu kajaik na Sinnar da Mai Wurno da Sinja da Damazin su zauna da dattawan masunta, har da maƙwabtanmu da ba Hausawa ba masu wannan sana'a, kafin a raba kallin shekara mai zuwa. A amince cewa ba shail a kan kallin da bai kai yatsa uku ba, in ban da na kawara da ake yin fasik da ita, tunda ita ƙarama Allah Ya yi ta. A daina karɓar kayan gidan sauro ko nawa aka rage. Watannin hutu kuma a bar wa tsofaffin masunta su tsayar, domin su ne suke fasa cikin kifi kullum, sun fi kowa sanin watan da ƙwai yake nuna tun da ruwan ya canza hali.