Tsofaffin Sorayen Kankiya Da Kusada

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratse a Kankiya, ko ya kutsa ƙauyukan Kusada, zai ga halin da tsofaffin soraye ke ciki. Inda dā akwai zaure mai zankwaye, yau sai bulo da kwano. Wani soron ruwa ne ya ci shi don an daina yaɓe, wani kuwa magada ne suka rushe shi bayan rabon gado, suka sayar da azarar ko suka sa ta a murhu. Ba a zargin mutum don ya nemi ɗakin da ba ya yoyo. Amma akwai gidajen da rushe su hasara ce ga ƙasa duka, lalle kuwa lokaci ya yi da za a ware su a tsare.

Mai kallon soro daga waje ƙasa kaɗai yake gani, alhali ƙarfinsa na ga itace. Azara ita ce ƙashinsa, watau giginya da aka faskare, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta zarce kamar ƙafa 6. Don haka magina suka ƙago dabara. Sukan kafa azara cikin bango, su ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗara ta ƙarƙashinta kaɗan, a ɗaure da igiya, har na wannan gefe su gamu da na wancan a sama. In aka lulluɓe da ƙasa, shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. Daga nan sai a jera azarar rufi, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a shafe da laso wanda akan haɗa da katsin marina da gashin jima da dafara, a fitar da indararo. Bangon kuwa na tubali ne, mai kauri a gindi, yana sirancewa sama, a yaɓe shi da makuba. Ga sanyi da bazara, ga ɗumi da hunturu. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannun magina yake, ɗa ya gada daga uba.

To, ko akwai dokar da ke tsare irin wannan gida? Akwai. Tun a shekarar 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya. A 1956 aka sa Gidan Madaki na Kafin Madaki, cikin ƙasar Bauci, a lissafin gine-ginen da gwamnati ke tsarewa. Gida ne na ƙasa da azara a ƙaramin gari, wanda aka gina wajen 1860, ana kuma danganta shi ga Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya. A 1959 hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina suka shiga lissafin. A 1979 aka sake dokar, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ƙa'idar ita ce, in hukumar ta ga wani gini ya cancanci tsaro, sai ta buga sanarwa, ta kai wa mai shi takarda, shi kuma yana da damar kawo ƙorafi. In aka tabbatar, to, rushe ginin ko sāke masa kama ba da izini ba ya zama laifi.

Sai dai doka ba ta tsare abin da ba a kai gabanta ba, sorayen ƙauyuka kuwa galibinsu ba wanda ya kai su. Bayan haka, takarda ba ta yaɓe. Soro na bukatar a hau kansa kowace shekara kafin damina, a toshe tsaga, a gyara indararo. In aka bar shi damina biyu ko uku, ruwa ya kai ga azara, to, ko da hatimin gwamnati a ƙofarsa faɗuwa zai yi.

Saboda haka aikin ya rataya a wuyan mutanen ƙasar. Ya kamata hakimai da magaddai su sa a zaga a rubuta kowane tsohon zaure da soro mai bakan gizo, da sunan magininsa in an sani, a miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, a zaɓi mafi kyau a nema musu shiga lissafin ƙasa.

Malamai kuwa suna da wata hanya da ta girmi dokar 1953 nesa ba kusa ba, watau hubusi, wanda ake ce wa wakafi. Abin da aka yi wakafinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Mai gida na iya ware zaurensa tun yana da rai da lafiya, ya miƙa shi don karatu ko saukar baƙi, da shaidu da takarda. In ta wasiyya ce, ba za ta wuce sulusin dukiya ba. Malamin da ya ba da wannan shawara tun da wuri ya raba magada da rigima, ya kuma tsirar da zauren da almajirai ke ɗaukar karatu a ciki.

Attajirai su ma da nasu rabon. Kuɗin yaɓen shekara kaɗan ne a wurinsu, kuma shi zai sa 'ya'yan magina su tsaya ga sana'ar iyayensu. Kada kuma a manta da giginya, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa faskara. In ana sara ba a shukawa, ana haƙe muruci duka, watarana za a nemi azarar gyara a rasa.

Damina na tafe, ba ta kuwa jiran takarda. Allah ya sa a farga tun soraye na tsaye, amin.