Uwargida, Kafin Ki Ce "Ba Za Ta Je Ba"

A wannan wata za mu tattauna ne a kan takardar nan da makaranta kan aiko da ita, ta neman izinin fita da ɗalibai yawon buɗe ido. Da yawanmu da ganin takardar sai gaba ya faɗi, musamman idan 'ya mace ce. Wata ta ce ba inda za ta, wata kuma ta tura wa maigida ya sa hannu ba tare da tambayar komai ba. Duka biyun akwai gyara.

Uwargida, ki sani a ƙasashe irin su Faransa, idan aka yi musayar ɗalibai, akan ware rana guda a kai baƙin su ga gari, a nuna musu hasumiyar Eiffel ta birnin Paris da aka kammala a 1889. Mu ma jihohin Arewa suna da shirin musayar ɗalibai, kuma abin nunawa ba mu rasa shi ba. Abin takaici, sai baƙo ya zo daga nesa ya ga Tiga ya koma da labari, 'yarki ta Bebeji ko Kiru ba ta san tarihin ruwan da ke bayan gidansu ba.

Madatsar Tiga an kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura, inda ake noman shinkafa da tumatirin da kike miya da shi. Ga Bagauda, mai ɗauke da sunan sarkin Kano na farko, wadda madatsarta ta ɓalle a 1988. Idan aka karya ta Kwanar Ɗangora aka wuce Tudun Wada, ga dajin Falgore, sannan ga duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Yarinyar da ta ga waɗannan da idonta ba za ta manta darasin ba, gani ya kori ji.

To amma fa tsoronki yana da dalili. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan Bagwai na watan Nuwambar 2021 ba, inda fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Don haka kafin a sa hannu, ku shawarta da maigida, a je makarantar a yi tambaya. Wace mota za a shiga, kuma yara nawa za ta ɗauka? Malamai nawa ne 'yan rakiya, akwai malama mace a cikinsu? Za a shiga kwalekwale? Idan babu rigar ruwa ga kowane yaro, a tsaya a bakin gaɓa. Idan Falgore za a nufa, an nemi izinin hukuma da rakiyar jami'an tsaro? Ina za a tsaya sallar azahar, kuma ƙarfe nawa za a dawo? A dage a iso gida kafin magariba, sannan ki karɓi lambar wayar malamar.

Makarantar da ta shirya ba za ta ji haushin tambaya ba. Wadda kuwa ta kama kame-kame, ki riƙe 'yarki, ba ki yi laifi ba.

Idan amsa ta gamsar, ki haɗa mata guzuri: ruwan sha, ɗan dambu ko ƙuli-ƙuli, da littafi da biro. In ta dawo, kada ki tsaya a "sannu da zuwa" kawai. Ki zaunar da ita ta ba ki labari a gaban ƙannenta, ki tambaye ta ina ruwan Tiga yake zuwa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, amin.