Malami Ya Nemi Alƙalami Mai Shan Tawada

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ni a ganina duk wanda zai koya wa yara rubutu ya kamata ya mallaki alƙalami mai shan tawada. Biro sai an danna shi ya ke rubutu, hannu ya gaji, baƙaƙe su karkace. Wannan kuwa, da ya taɓa takarda sai tawada ta sauko da kanta. Da shi na ke zana taswira don darasi.

Amma fa a yi hankali da abin da a ke ɗura masa. Tawadar Indiya ta masu zane tana da danƙo, in ta bushe a ciki ta toshe shi, alƙalami ya mutu ke nan. Haka tawadar allo mai ƙaro, a bar wa alƙalamin kara abarsa. A nemi irin Quink ta Parker, wadda ta fito tun 1931. Sai dai ruwa yana ɓata ta, kada a bar zane inda rufi ke yoyo da damina.