Soja yana tsaron iyaka, wa ke tsaron gidansa?

'Yan uwa matasa, duk ranar da aka kai wa sojojinmu hari, shafukanmu na Facebook da WhatsApp sukan cika da tuta da hotunan kaki da "Allah ya jiƙan maza". Addu'a abu ce mai kyau, kada mu daina. Amma bayan sadakar bakwai hotunan sukan sauka, mu koma gardamar ƙwallo a fada. Matar da aka bari tana takaba wata huɗu da kwana goma, ita lissafinta bai sauka ba: hayar ɗaki, buhun hatsi, kuɗin lakkal na yara, maganin tsohuwa.

Abin da nake kira gare shi a yau shi ne mu kafa ƙungiyoyin membobi, na farar hula, a Aguié da Gazaoua da Guidan Roumdji, waɗanda aikinsu ɗaya ne: kula da iyalan jami'an tsaron da suka fito daga cikinmu, da waɗanda suka dawo da rauni.

Mu nan jahar Maradi ba labari ake ba mu ba. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, kuma gundumar Guidan Roumdji ce ta karɓi mafi yawansu. Garin Kaka da Dan Dadji Makaou da Chadakori sun zama matsugunansu. Satar shanu da garkuwa da mutane sun biyo su har gonakinmu. Sojan da ke kwana a bakin wannan iyaka, ko wanda aka tura Tillaberi ko Diffa, sau da yawa ɗan talaka ne, ɗan manomi daga Tchadoua ko Gangara ko Tibiri, wanda albashinsa ke riƙe da gida biyu ko uku. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 muka rasa. Wata guda bayan haka, a Chinagodar, 89. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma gida ne da tukunyarsa.

Wani zai ce, ai muna bayarwa. Gaskiya ne. Tun Oktoba 2023 akwai asusun FSSP na ceton ƙasa, kuma ana cirar kuɗinsa har a kan kiran waya da sayen intanet. Ke nan kowa ya sa hannu, ko ya sani ko bai sani ba. Amma wannan asusu na ƙasa ne baki ɗaya, yana Yamai, buƙatun da ke kansa kuma suna da yawa. Ba shi zai san cewa ɗan marigayi wane a wata unguwa ta Gazaoua ya bar zuwa aji saboda babu littafi ba. Maƙwabci ne ke sanin wannan. Haƙƙin iyalan mamaci yana wuyan hukuma, babu mai sauke mata shi. Namu shi ne haƙƙin maƙwabtaka, shi ma babu mai sauke mana.

A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Navy League da aka kafa tun 1902. Farar hula ne membobinta, suna da rassa gari-gari, suna biyan kuɗin shiga, suna tallafa wa sojojin ruwa da iyalansu. Mu ba mu da teku, balle jiragen da ke tashi daga kan ruwa. Abin ɗauka a wurinsu shi ne ɗorewa: aikin ba ya jiran sai an yi rashi.

Kuma ba sai mun je aro da nisa ba. A nan jahar Maradi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, yau ga shi ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Iyayenmu mata, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba, sun riƙe asusu shekara da shekaru da ƙa'ida mai sauƙi: zubi kowane mako, akwati ba ya buɗuwa sai a gaban kowa, makullai a hannun mutane daban-daban, a ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa ya ji. Idan su sun iya, mu masu digiri da waya a hannu wane uzuri gare mu?

Ga lissafi. Mutum 200 a gari ɗaya, kowa dala ɗari a wata, wato sefa 500, kuɗin da bai kai na shayin fada na mako ba. Jaka ɗari ke nan duk wata, miliyan ɗaya da jaka ɗari biyu a shekara. Ba zai sayi motar yaƙi ba, kuma ba aikinsa ba ne. Zai sayi kayan makaranta a watan Oktoba, ya biya takardar magani, ya kai hatsi lokacin da rumbu ya ƙare kafin kaka. Akwai ma taimakon da ba ya cin ko dala: ɗalibin shari'a ya raka matar mamaci ofis-ofis har takardun fanshonta su fito, samari su yi gayya a gonar wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, malami ya ba marayu darasin yamma.

Sai dai akwai sharuɗɗa uku, in babu su gara kada a fara.

Na farko, lissafi a fili. Ba mu manta da binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ba, wanda ya nuna hasarar kusan miliyar 76 ta hanyar kwangilolin da aka kumbura da kayan da ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake binne mutanen Inates da Chinagodar. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris na shekarar, an kama wasunsu. Darasin shi ne, sunan soja yana da daɗin tara kuɗi, ɓarawo ma ya san haka. Duk ƙungiyar da ba za ta liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita kowane wata ba, kada ku ba ta ko dala.

Na biyu, kada ta zama rumfar siyasa. Mulki yana canzawa, maraya yana nan. Mai goyon bayan masu mulki da mai sukarsu duka su iya zama a tabarma ɗaya su yi zubi. Kuma ɗaukar nauyin iyalin soja ba ya rufe bakin kowa: idan jami'in tsaro ya ci zalin mai kabu-kabu a shinge, za mu faɗa.

Na uku, babu makami. Mun ga abin da ya faru a Zamfara da 'yan sa-kai suka ɗauki doka a hannunsu, ramuwa ta haifi ramuwa, har yau wutar ba ta mutu ba. Ƙungiyar da nake magana a kai kayan aikinta littafin lissafi ne da akwati, kuma ta yi rajista a hukumance kamar yadda doka ta tanada.

To, ta ina za a fara? A fadarku ta wannan mako. Ku zauna da mai unguwa da liman da 'yan mazan jiya, su ne suka san gidajen. Ku rubuta sunayen iyalan, ku riƙe su a sirri, domin mutuncinsu da tsaronsu. Ba a ɗaukar hoton mai takaba tana karɓar buhu. Ku gayyato shugabar Mata Masu Dubara ta unguwarku ta koya muku riƙon akwati. Mutum ashirin sun isa farawa.

Duk fadar da ta yi zubin farko, ta sanar da mu a nan, mu haɗa ta da 'yar uwarta ta gari na gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya tsare waɗanda ke bakin daga, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.