Wa ya nutsa ya kwance tarun?

A hamadar Nebada ta Amurka akwai wani tafki da ake kira Mead, wanda madatsar Hoover ta haifar. An ɗebo wani kifi mai zane-zane a jiki, ɗan asalin gaɓar tekun Atlantika, an zuba a cikinsa, yau masu sukuni na shiga jiragen inji da ƙugiya suna kama shi don nishaɗi. Na kawo zancensa ne saboda mu ma a Gana muna da tafkin da ɗan Adam ya yi, wanda ya ninka nasu fiye da sau goma, sai dai kamun kifi a namu ba wasa ba ne.

An kammala madatsar Akosombo a 1965, zamanin Nkrumah. Ruwan Volta ya malale wajen murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutum kusan 80,000 daga gidajensu. Kada wani ɗan Zango ya ce tafkin nan bai shafe shi ba: cikin garuruwan da ruwa ya ci har da tsohuwar Kete Karachi, zangon fatake, inda Alhaji Umaru Karachi ya karantar har ya rasu a 1934.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya hau. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, shekara sittin ke nan, suna fasa jirage, suna kama taru. Taru kuwa jari ne, masunci ba ya barinsa. Idan ya sarƙe sai an nutsa an kwance, kuma wanda ake turawa sau da yawa yaro ne, don yatsunsa ƙanana ne, ba ya musu, ba ya neman lada. Da yawansu daga ƙauyukan bakin teku aka kawo su, an ba iyayensu 'yan sidi kaɗan da alkawarin koyon sana'a. Wani ya fito yana haki. Wani bai fito ba.

Daga kasuwannin bakin tafki irin su Yeji da Dzemeni ake loda bandar tarwaɗa da karfasa, su sauka a Makola, su ƙare a miyar tuwonmu a Nima da Maamobi. Ban ce kowane kifi akwai alhakin yaro a kansa ba. Karfasar da ake gasawa a ci da banku, mai yawa a keji ake kiwonta, kuma akwai masunta masu tsoron Allah da ba su taɓa ɗaukar ɗan wani ba. Amma a cikin kwando babu mai bambancewa, kuma ban taɓa jin mai saye ya tambaya ba. Ni kaina farashi kawai nake tayawa.

Za a ce ai riƙo al'ada ce, ɗan masunci a ruwa yake girma. Gaskiya ne, mu da muke ba da 'ya'ya riƙo da karatun allo mun fi kowa sanin haka. Saboda haka ne ma muka san inda riƙo ya tsaya: wanda ya karɓi yaro amana ba ya aika shi inda ba zai aika ɗan cikinsa ba. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari, ta 2005 kuma ta haramta fataucin mutane. Takarda dai ba ta iyo.

Abin da ke hannunmu shi ne ciniki da mumbari. Uwayenmu da ke sarar kifi suna da dillalan da suka daɗe tare, sun san wanda jirginsa ke cike da yaran da ba nasa ba, kuma ranar da suka daina saye a wurinsa zai ji a aljihu. Limaman da ke yi mana huɗuba a kan tauye mudu su ƙara da wannan. Yeji ma akwai Zango, akwai masallacin Juma'a, kuma daga bakin ruwa zuwa can ba nisa.