A Rage Kujerar Babur, A Ƙyale Shokozoba

Tun da gwamnatin Kano ta hana acaba a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, sana'ar ta ƙara tarewa a karkara. A Nariya da sauran garuruwan Kibiya da Rano, babur ne jakin zamani: shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Sai dai masu ƙera shi ba su auna ƙafar kowa ba. Kujerar Boxer na kamfanin Bajaj tana da nisan kusan santimita 80 daga ƙasa, ta baburan tsere irin Yamaha R6 da samarin birni ke sha'awa kuwa ta kai 85. Gajeren mutum in ya tsaya, da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. In ga goyo, ga kaya, ga rairayi, faɗuwa ba ta da wuya. Don haka wanda ya nemi a rage masa tsawon babur yana da gaskiya. Inda za a taɓa, nan gizo ke saƙa.

Hanyar da ta fi arha ita ce ta fi haɗari, wato a yanke sifirin ɗin shokozoba na baya, ko a sa gajere wanda ba na babur ɗin ba. Tsawon da aka rage daga nan, tazarar da ke tsakanin injin da ƙasa aka cinye. A kan kwalta mai santsi ba lallai a ji bambanci ba, amma hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyukanmu, musamman in damina ta zaizaye su, wannan tazarar ce ke hana gindin injin da salansa dukan dutse. Sifirin da aka gajarta kuma yana saurin ƙurewa, sai taya ta riƙa gugar madigadi da zarar an ɗora buhu biyu. In an sauke baya an bar gaba yadda yake, kan babur yakan yi nauyi wajen shan kwana. Hatta ƙarfen da ake jingine babur da shi sai ya yi tsawo, babur ya tsaya cak, iska kaɗan ta kayar da shi. Gyaran da ya dace yana wurin mai ɗinkin kujera. Ya feƙe soson da santimita 2 ko 3, ya kuma tsuke gefen gaba inda cinyoyi ke sauka, domin faɗin kujera na cin tsawon ƙafa kamar yadda tudunta ke ci.

Wani zai ce kujerar da aka feƙe tana gajiyar da mai yini a kanta. Haka ne, amma soso mai tauri yana rage wannan, kuma ciwon zama da karaya ba ɗaya ba ne. Wani kuma zai ce a Turai da Japan ana sayar da ƙarafan rage tsawo na musamman. Ana sayarwa, amma can gaba da baya ake saukewa tare bisa awo, a gajarta majinginin, a kuma hau kan titin da ba gargada. Tsofaffin 'yan acaba da ke cewa gwani ƙafa ɗaya ta ishe shi, ya zame gefe ya dire ta, su ma ba su yi ƙarya ba, sai dai ba a koyon wannan da mace mai ciki a baya.

Akwai kuma gajartar da ba ta halitta ba ce, ta ƙuruciya ce. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa don shekarunsa ba su kai 18 ba, ba gyaran babur yake buƙata ba, doka ma ba ta ba shi lasisi ba. Ina kira ga shugabannin makanikai na Rano da Kibiya su hana yaransu yanke sifirin, su tura mai babur wurin mai kujera, ko su ba shi shawarar ya sayi ƙaramin babur ɗin roba-roba daidai tsawonsa.