Sharhi: "Yana sona kuwa?" Tsohuwar tambaya ta koma hannun masu kartar tarot

Duk mai babbar waya a Madarumfa, in dai ya zauna lakwal har ya iya haɗa jimla da Faransanci, yana iya gwadawa da kansa. Ya buɗe TikTok ko YouTube, ya rubuta tambayar nan: me yake ji game da ni? Kafin ƙiftawar ido bidiyo sun cika masa fuskar waya. Hannun wata mata ne, kyandir na ci a gefe, ga karta kashi uku a kife bisa tebur. Za ta ce ki rufe ido, ki kawo mutumin a ranki, ki zaɓi kashi ɗaya. Sai ta shiga buɗewa tana fassara: yana tunaninki da dare, girman kai ne ya hana shi kira, akwai wata a tsakaninku amma ba za ta daɗe ba.

Sunan wannan karta tarot. Baƙuwa ce a ƙasar Katsinar Maraɗi, amma tambayar da ake kai mata ƴar gida ce, ta girmi waya, ta girmi boko. Kakanninmu sun kai ta gaban mai bugun ƙasa, wanda zai baje rairayi a faifai ya yi ta ɗiga yatsa har ya fitar da gidajensa 16. Sun kai ta wurin mai watsa wuri, da mai jan carbi, da malamin hisabi da zai karɓi sunanki da na mahaifiyarki, da nasa da na tasa mahaifiyar, ya lissafa haruffa ya ce taurarinku sun dace ko ba su dace ba. Sun kai ta gidan bori, wanda a Maraɗi har sarauta gare shi a ƙarƙashin Iya. Su kansu kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin Madarumfa, waɗanda Nijar ta shigar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006, sun sha ganin mata masu ziyara da buƙatar aure ko haihuwa a zuci. Sai dai a nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Mai ziyara roƙo ta je yi, ta kuma san amsa ba a hannunta take ba. Mai duba kuwa cewa yake ya riga ya ga amsar.

Asalin tarot zai ba mutumin Madarumfa dariya, domin a wurinmu in an ce karta, caca ce ke fara zuwa a rai, ko ƴan belot a gindin bedi. To haka ita ma ta faro. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro ta wajen shekarar 1440, don wasan manyan gidaje, kuma ta haura shekara 300 ana buga ta ba wanda ya ce tana ganin gaibu. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya rubuta cewa hotunanta sirrin tsoffin malaman Masar ne. Bai kawo hujja ba, a lokacin ma ba a kai ga iya karanta rubutun Fir'aunoni ba. Wani ɗan kasuwa a Faris mai laƙabin Etteilla ya ɗauki zancen ya mai da shi sana'a, ya ba kowace karta fassara. Guda 78 ne, 22 daga ciki su ne manya. Ta shida a cikin manyan ita ce ta masoyi, kuma a tsohon zanen da ake kira na Marseille, saurayi ne tsaye tsakanin mata biyu, wani yaro mai fukafukai na saitin kibiya daga sama. Mace a Gabi ko Safo ba ta buƙatar tafinta kafin ta gane wannan hoto. Uwargida ce da amarya.

Yadda abin ke kama zuciya ba asiri ba ne. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowa takardar da ya ce bayanin halinsa ce shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewarta daga sifili zuwa 5, matsakaicin makin da suka bayar ya haura 4. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin. Maganar da ta dace da kowa, kowa sai ya ji da shi ake. "Yana sonki amma akwai abin da ke damunsa." Wane namiji ne ba shi da abin da ke damunsa a wannan tsadar? Bidiyon da wata ke kallo a Ɗan Isa tana share hawaye, shi ne dubban mata ke kallo a Abijan da Dakar da Marseille, kowacce da nata mutumin a rai. Ita ma manhajar tana da nata hannu a ciki: in kin tsaya a kan bidiyo guda har ƙarshe, gobe za ta turo miki goma irinsa. Sai mai kartar ta ce tunda bidiyon ya iske ki, saƙon naki ne. Lissafin kwamfuta ne ya kawo shi, aka ɗaura masa rawanin ƙaddara.

Wadda ba ta jin Faransanci ma ba a bar ta a baya ba. Shafukan Hausa a Facebook da TikTok cike suke da masu tallar duba, mallaka da farin jini, kowanne da lambar WhatsApp a ƙasan hotonsa, kuma tsakanin Madarumfa da Jibiya ba wata iyaka da muryar waya ta sani. Kayan aikin ne suka bambanta, ciniki ɗaya ne.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne dalilin da ya sa wannan tambaya ke da kasuwa haka a yankinmu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To ina fuskar? Da an kai gero rumbu, samari da magidanta na kama hanyar ci-rani: Kano, Legas, Agadas, wuraren haƙar zinariya na Jado, wasu har Libiya da Aljeriya. Wanda ya ce wata uku zai yi, sai a shekara ba a gan shi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Najeriya ta kasance a rufe har watan Maris na 2024, kuma garuruwan da ke rayuwa da hanyar Ɗan Isa sun ji a jikinsu. Ga matsalar ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi a ƙauyukan bakin iyaka, wadda ta tarwatsa gidaje, ta sa zuwa ganin gida ya zama abin lissafi. Matar da aka bari ba ta da fuskar da za ta karanta. Abin da ke hannunta shi ne alamar da ke nuna ya ga saƙonta bai amsa ba, da kuɗin cefane da suka fara jinkiri.

Sannan a dubi matsayinta. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. Binciken ya kuma nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure a ƙasar suna zaune da kishiya, Maraɗi ce kan gaba, inda abin ya kai wajen rabi. Alƙaluman sun kwana biyu, amma wanda ke zuwa biki da suna ya san tsarin bai juye ba. Saki a bakin miji yake. Ƙasar har yau ba ta da kundin dokar iyali, yunƙurin da aka yi a 2011 ya tsaya bayan adawar ƙungiyoyin addini. Saboda haka idan mace ta ce "yana sona kuwa?", ba zancen fim ɗin Indiya take ba. Tana tambaya ne ko ɗakin nan zai ci gaba da zama nata, ko kayan ɗakin da uwarta ta sayar da akuya ta haɗa za su koma gida a amalanke, ko ƴaƴanta za su tashi a hannun wata. Budurwar da saurayinta ya kai kuɗin gaisuwa ya tafi ya yi shiru, ita ma lissafi take: ta jira, ko ta saurari wanda ke sallama yanzu?

Kuma tarbiyyar da muka ba ta ta hana ta tambayar mai amsar. Yarinyar da ko sunan mijinta ba ta faɗa saboda kunya, ta yaya za ta dube shi ta ce malam, ina matsayina? In ta yi, a ce ba ta da ta ido. In ta kai kuka gida, a ce ta yi haƙuri. Mai duba shi kaɗai ne ke sauraronta har ta gama ba tare da ya ce ta yi haƙuri ba. A ganina wannan sauraron shi ne ainihin hajar da yake sayarwa, kuma mu ne muka bar masa kasuwar.

Sauraron nan kuwa yana da tsada. Bidiyo kyauta ne, amma ƙofa ce. Daga nan sai a ce ki zo ta sirri a duba naki ke kaɗai. Yau jika guda, gobe a ce an ga duhu a al'amarin sai an yi aiki, jibi a ce aikin na neman rago. Tura kuɗi ya yi sauƙi, ba sai an fita unguwa an gan ki ba. Wannan ma da sauƙi idan aka kwatanta da abin da ake miƙawa bayan kuɗin. Malamin zaure suna yake karɓa, kuma an san gidansa, an san iyalinsa, in ya tona asiri garin zai yi masa zafi. Na cikin waya yana neman hoto, da murya, da labarin abin da ya gudana a ɗaki, daga mutumin da ba a san ko a wace ƙasa yake ba. Ranar da aka daina turawa, abin da aka faɗa masa yana iya zama igiyar da zai ja. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, an kuma ƙara tsaurara ta a watan Yunin 2024. Amma doka sai an kai ƙara take aiki, kuma matar auren da za ta shiga ofishin jandarma ta ce ta tura wa boka hotonta, ta san abin da zai riga ta isa gida.

Akwai wata ɓarnar da ba a lissafa ta da kuɗi. Mai duba ba ya taɓa cewa mutumin nan ya gaji da ke ne kawai, domin wannan amsa ba ta dawo da mai ciniki. Dole a samo hannu. Hannun kuwa kullum na kusa ne: kishiya, uwar miji, ƙanwar miji, maƙwabciya. Gidaje nawa ne aka daina cin abincin juna saboda maganar wanda bai taɓa taka ƙofarsu ba? A ɗaya gefen kuma akwai amsar "zai dawo", mai daɗi a kunne, wadda ke zaunar da mace shekara biyu, uku, tana jiran wanda ya riga ya yi wani aure a Sabha.

Malamai ba su yi shiru ba, kuma ba yau suka fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya sa masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari cikin waɗanda ya yi wa kakkausan hukunci. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim game da sallar kwana 40 ta wanda ya je wurin mai duba, ko yaran makarantar allo sun ji shi. A kan wannan ɗan Izala da ɗan ɗariƙa ba su da jayayya, ko da sun saɓa a kan ziyarar kaburbura. Amma fiye da shekara 200 ana wannan wa'azi, faifan ƙasa bai ɓace ba, ya ma samu ƙanwa daga Turai. Har istihara, wadda salla ce raka'a biyu da mutum zai yi da kansa yana neman zaɓin Allah, an mai da ta abin saye: a biya wani ya kwanta ya yi mafarki, da safe ya faɗi abin da ke zuciyar wane. An sauya wa duba suna ke nan don ya shiga gidan masu salla.

Abin da ba a cika ji a wa'azin ba shi ne ɗaya rabin maganar. Mazhabar Malikiyya da muke bi ba ta bar matar matafiyi a rataye ba. In miji ya daina ciyarwa, ko ya yi doguwar tafiyar da ta cutar da ita, tana da damar kai ƙara, a aika masa, a ɗiba masa wa'adi, in bai dawo ba bai kuma aiko ba a raba auren. Sarakunan gargajiya na da hurumin sasanta irin wannan, ga malamai, ga kotu. Mata da yawa a ƙauyukan Jirataua da Sarkin Yamma sun haddace hukuncin zuwa wurin boka, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu wannan haƙƙi, ko ya ce wa waliyyinsu aikinsa ne ya ɗauki waya ya kira surukin ya tambaye shi ranar dawowa. Gidajen rediyon jihar da ke ba da sa'o'i ga gaishe-gaishe suna iya ware rabin sa'a a mako don irin waɗannan tambayoyi, a sa malami da malama da masanin shari'a, a kuma ɓoye sunan mai tambaya, tunda ɓoye suna shi ne abin da mai karta ya fi mu iyawa.

Bana ma, da an gama girbi, motocin tashar Maraɗi za su cika da maza masu jaka ɗaya a kafaɗa. Da yawansu za su bar wa matansu waya don a riƙa gaisawa.